Mitar Da Ta Rage Juyawa: Yadda Kamfanonin Kula Da Firintoci Ke Sauya Salo Bayan Aiki Ya Rabu Tsakanin Gida Da Ofis

Duk wanda ya taɓa shiga hedikwatar banki ko ofishin wani babban kamfanin sadarwa zai ga wata ƙatuwar na'ura a lungu, tsayinta ya kai ƙirjin mutum. Tana buga takarda, tana fotokwafi, tana sikanin, wata ma har ta ɗinke takardun da kanta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sau tari na'urar ba mallakar ofishin ba ce. Wani kamfani ne ya kawo ta ya ajiye, shi ke zuba mata tawada, shi ke turo mai gyara idan ta cije, ƙarshen wata kuma ya aiko da takardar kuɗi gwargwadon shafukan da aka buga. A harkar fasaha ana taƙaita sunan wannan sana'a da MPS, wato kwangilar kula da duk abin da ya shafi buga takardu a ma'aikata. Xerox da HP da Canon da Ricoh da Konica Minolta da Kyocera duk suna cikinta, haka ma dubban ƙananan dillalai da ke cin abinci a ƙarƙashinsu.

Sana'ar ta ginu ne a kan zato biyu: ma'aikata za su zo ofis kullum, kuma idan sun zo za su buga takarda. Tun daga 2020 zaton biyu duka suka fara rawa. Yau ma'aikaci yana iya yin Litinin da Talata a gida, ya leƙa ofis Laraba, takardar da a da sai an buga an sa mata hannu yanzu ta waya ake amincewa da ita. Tambayar ita ce, kamfanin da shafi ne abincinsa, me zai sayar idan shafi ya ragu, firintocin kuma suka warwatsu zuwa ɗakunan mutane inda idonsa ba ya kaiwa?

Mita ita ce jarin

Don a gane girman matsalar, sai an koma inda lissafin ya samo asali. A 1959 kamfanin Haloid Xerox na garin Rochester a Amurka ya fito da injin fotokwafi mai suna 914, sunan da ya samo daga girman takardar da yake iya kwafa, inci 9 da inci 14. Fasahar ta Chester Carlson ce, wanda ya fitar da kwafinsa na farko tun 1938. Injin ya yi kusan kilo 300, ya yi tsadar da ba kowane ofis zai iya saye ba, kuma yana da halin ɗaukar zafi har takarda ta kama wuta, shi ya sa ake haɗa shi da 'yar tukunyar kashe gobara. Sai kamfanin ya ce to, kada kowa ya saya. A karɓa haya a kan dala 95 a wata, da kwafi 2,000 a ciki, duk kwafin da ya haura haka a biya santi 4. Aka maƙala wa injin mita mai ƙirga takarda. Ofisoshi suka karɓa suna ganin ba za su taɓa kai 2,000 a wata ba. Da ma'aikata suka ɗanɗana sauƙin abin, wasu wuraren a rana guda suke cinye wannan adadi. Wannan mitar ce ta gina Xerox.

Fiye da shekara 60 bayan haka, ƙashin bayan sana'ar bai canza ba, mitar ce kawai ta koma manhaja. Ana girka wata ƙaramar manhaja a ɗaya daga kwamfutocin ofis, aikinta ta riƙa zagaya layin sadarwar cikin gida tana tambayar kowace firinta ta hanyar wata tsohuwar ƙa'idar sadarwa mai suna SNMP: shafi nawa kika buga, nawa ne baƙi da fari, nawa ne mai launi, tawadarki saura nawa, akwai abin da ke damunki? Amsoshin sai ta tura wa kamfanin kwangila. Da su yake lissafin kuɗi, da su kuma yake sanin lokacin da zai aiko da katirij, wato mazubin tawada, tun kafin wanda ke ciki ya ƙare.

Wanda ya saba zuwa shagon bizines santa ya buga takarda ya riga ya san rabin lissafin: kuɗin shafi ɗaya baƙi da fari daban, na mai launi ya ninka shi sau da yawa. Bambancin shi ne a kwangilar ofis akwai kuɗin hayar na'ura na wata-wata, yarjejeniyar kan ɗauki shekara 3 zuwa 5, kuma sau da yawa akwai wani sharaɗi a ciki da ke cewa ko an buga ko ba a buga ba, akwai mafi ƙarancin shafukan da dole a biya. A lokacin da ofisoshi ke cike, ba wanda ya damu da wannan sharaɗi, don kullum ana haura shi.

Abin da korona ta yi cikin makonni

Tun 1975 mujallar BusinessWeek ta buga hasashen ofishin da babu takarda a cikinsa. Aka yi shekaru ana maimaita zancen, amma kwamfuta da imel sai ma suka ƙara yawan takardar da ake bugawa, domin kowa ya samu abin bugawa da kuma na'urar bugawa a kusa da shi. Abin da shekara 45 na hasashe suka kasa, kullen korona ya yi shi cikin makonni. Manajan da ya rantse ba zai amince da biyan kuɗi ba sai ya ga takarda a kan teburinsa, dole ya koyi danna maɓallin amincewa a waya. Da aka dawo ofis, ba duk tsohuwar ɗabi'ar ce ta dawo ba.

Labarin Xerox ya isa misali. A Nuwamba 2019 kamfanin yana da ƙarfin gwiwar neman saye HP, wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba, har tayin ya kai kusan dala biliyan 35. A ƙarshen Maris 2020 ya janye, ya ce annobar ta dagula lissafi. Kuɗin shigarsa da ya ɗan haura dala biliyan 9 a 2019 ya faɗo zuwa kusan biliyan 7 a 2020, kuma bai sake komawa inda yake ba. A 2024 ya tsaya kusan biliyan 6.2, a farkon wannan shekarar ne ma kamfanin ya sanar da rage kashi 15 cikin 100 na ma'aikatansa.

Ta ɓangaren mai biyan kuɗi kuwa, a ƙaddara wani kamfani mai ma'aikata 300 ya sa hannu a kan mafi ƙarancin shafi 60,000 a wata, da firintoci 20 a hawa huɗu. Aka koma zuwa ofis kwana uku a mako, shafukan suka faɗo zuwa 25,000. Kowane wata kamfanin yana biyan kuɗin shafi 35,000 da ba a buga ba, yana kuma biyan hayar na'urorin da wasunsu sai su wuni ba wanda ya taɓa su. A lokaci guda ma'aikatan da ke gida suna sayen tawada da kuɗinsu suna kawo rasit a biya su, kuma shafin ƙaramar firintar gida ya fi na babbar na'urar ofis tsada sosai. Ana biya sau biyu ke nan. Wannan ne ya sa da wa'adin tsofaffin kwangiloli ya ƙare, masu saye suka zo teburin ciniki da fuska a murtuke.

Firintar da ke ɗakin ma'aikaci

Matsala ta farko ta fasaha ce zalla. Manhajar da ke ƙirga shafi a layin ofis kawai take gani. Firintar da ke gidan ma'aikaci tana bayan na'urar Wi-Fi ɗinsa ko kuma an jona ta da laftof ta igiyar USB, babu yadda za a yi manhajar ofis ta tambaye ta komai. Hanyoyi biyu kamfanonin suka bi. Ta farko, su mayar da mai ƙirgan cikin jikin firintar, ita da kanta ta riƙa kiran gida ta intanet tana ba da rahoto. HP ya daɗe da gwada wannan a kan masu saye na gida da tsarinsa na Instant Ink tun 2013, inda ake biyan kuɗin wata gwargwadon shafi, tawada ta zo har ƙofa. Hanya ta biyu, a girka ƙaramar manhaja a laftof ɗin aiki ta riƙa ƙirga duk abin da aka tura wa kowace firinta.

Dukkansu suna aiki, amma sun jawo wata tambaya da fasaha ba za ta amsa ba. Idan kamfani ne ya ba da firintar, yaron ma'aikacin ya buga aikin gida na makaranta da ita, wa zai biya? Abin da ya fi wannan nauyi, yawancin manhajojin nan ba adadin shafi kaɗai suke rubutawa ba, har da sunan takardar da lokacin da aka buga ta. Ma'aikaciyar da ta buga sakamakon gwajin asibiti, ko takardar neman aiki a wani wuri, a cikin ɗakinta da ƙarfe goma na dare, sunan fayil ɗin na iya bayyana a allon wani jami'in ofis. Manhajojin kirki suna da maɓallin ɓoye sunan takarda, sai dai ba kullum yake kunne tun asali ba, kuma ba kowane ma'aikaci ake gaya wa ana ƙirga shi ba.

Shi ya sa wasu ma'aikatu, musamman masu riƙe bayanan kuɗi da na lafiya, suka zaɓi hanya mafi tsauri: a toshe bugawa a gida kwata-kwata daga laftof ɗin aiki. Dalilinsu a fili yake. Takardar da aka buga a ofis tana ƙarewa a injin yayyaga takarda, wadda aka buga a gida kuwa tana iya ƙarewa a kwandon shara ko a hannun mai ƙosai.

Uwar garke ta zama kaya

A tsohon tsari, idan ma'aikaci ya danna maɓallin bugawa, takardar ba ta tafiya kai tsaye wurin firinta. Tana bi ta wata kwamfuta ta musamman a ofis, uwar garken bugawa, wadda ke jera ayyuka a layi, tana kuma raba wa kwamfutoci manhajar direba, wato 'yar manhajar da ke fassara takarda zuwa yaren da kowace firinta ke ji. Muddin kowa yana cikin gini ɗaya, tsarin yana tafiya. Ma'aikacin da ke gida kuwa sai ya kunna VPN ya shiga layin ofis tukuna, kuma takardar da ta fito ƙarama a PDF tana iya kumbura sau da yawa bayan direba ya fassara ta, ta toshe siririn layin da kowa ke bi.

Sai kuma 2021 ta zo da abin da ya ƙara tsananta lamarin. A ƙarshen Yunin shekarar aka bankaɗo wata ɓaraka a sashen Windows mai jera ayyukan bugawa, aka laƙaba mata PrintNightmare. Mai kutse da ke da ƙaramin asusu a layin kamfani yana iya amfani da ita ya ɗora nasa direban na bogi, ya samu cikakken iko a kan kwamfutar. Ba wannan ne karon farko ba, domin ko Stuxnet, manhajar da ta lalata na'urorin nukiliyar Iran, ta yi amfani da wata ɓaraka a wannan sashe a 2010. Microsoft ya fitar da faci na gaggawa a Yuli, a Agusta kuma ya sauya ƙa'ida ta yadda girka direban firinta sai mai ikon kula da kwamfutar. Tsaro ya ƙaru, amma ma'aikacin da ya zo wani reshe na kwana ɗaya yana son buga shafi biyu sai ya tsaya jiran jami'in kwamfuta.

Daga nan ƙaura zuwa gajimare ta yi sauri. Gajimare dai ba wani abu ba ne illa kwamfutocin wani kamfani da ake kaiwa gare su ta intanet. A maimakon uwar garke a ofis, layin ayyukan yana zaune a can, ma'aikaci ya shiga da asusunsa na aiki daga ko'ina. Microsoft ya buɗe Universal Print ga kowa a Maris 2021, Canon yana da uniFLOW Online, Xerox yana da Workplace Cloud, kamfanin PaperCut na Ostareliya yana da Hive, ga kuma irin su Printix da PrinterLogic. Abin lura a nan shi ne yadda ma'aunin kuɗi ya sauya. Universal Print ba ruwansa da shafi, lissafinsa a kan lasisin ma'aikata yake da adadin ayyukan bugawa a wata. Sauran ma yawanci kuɗin kowane ma'aikaci ko kowace na'ura suke karɓa. Mita ta tashi daga kan takarda ta koma kan mutum.

Direba ma kwanansa ya kusa ƙarewa. Apple ya nuna hanya da AirPrint a 2010, Canon da HP da Samsung da Xerox suka kafa ƙungiyar Mopria a 2013 don wayoyin Android, dukkansu a kan ƙa'ida ɗaya mai suna IPP, inda firinta ke faɗa wa kwamfuta abin da take iyawa ba tare da wata manhaja ta musamman ba. A Satumba 2023 Microsoft ya sanar cewa zai daina rarraba direbobin kamfanonin firinta ta Windows Update, mataki-mataki har zuwa 2027, kuma Windows 11 na 24H2 ya zo da wani yanayin tsaro da ke hana duk wani direban waje aiki. Ga ofishin da ke da tsofaffin firintoci da ba su jin IPP, wannan sanarwa ce ta ritaya. Ga kamfanonin kwangila kuwa kasuwa ce ta buɗe.

Mai karatu kada ya ɗauka gajimare ba shi da nasa haɗarin. Google Cloud Print ya yi shekara goma yana aiki, makarantu da ofisoshi da dama suka dogara da shi, a ƙarshen 2020 Google ya rufe shi, a tsakiyar lokacin da aka fi bukatarsa.

Wani tsohon tsari da ya samu sabuwar daraja shi ne riƙe takarda har sai mai ita ya zo. Ma'aikaci ya tura aiki, ba abin da zai fito sai ya tsaya gaban kowace firinta ta kamfanin ya taɓa katinsa, ko ya saka lambar sirri, ko ya ɗauki hoton lambar QR da waya. An ƙirƙire shi ne don rage takardun da ake bugawa a manta, da kuma hana takardar albashi kwana a tiren da kowa ke leƙawa. A tsarin rabi gida rabi ofis sai ya dace kamar don shi aka yi: mutum ya tura daga gida ranar Litinin, ya karɓa Laraba a duk reshen da ya sauka. Ƙaramin abin da ake yawan mantawa shi ne wa'adin riƙewa. Idan an saita manhajar ta goge aikin da ba a karɓa ba bayan awa 24, kamar yadda ya dace da zamanin zuwa kullum, ma'aikacin Laraba zai tarar da wayam.

Firinta kwamfuta ce da ba a ɗauke ta kwamfuta ba

Babbar na'urar ofis tana da babbar manhaja, da faifan ajiya, da shafin yanar gizo na sarrafa ta, da asusun imel da take tura sikanin da shi, wani lokaci har da kalmar sirrin shiga rumbun fayilolin kamfani. Duk da haka a wurare da yawa kalmar sirrinta ita ce wadda ta zo da ita daga masana'anta. A 2010 gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi tsofaffin injinan fotokwafi daga wani sito, ya ciro faifan ajiyarsu, ya tarar da dubban takardu har da na 'yan sanda da na marasa lafiya. Ɗaya daga injinan na kamfanin inshorar lafiya ne mai suna Affinity Health Plan, wanda ya mayar da na'urorin haya ba tare da goge su ba. A 2013 kamfanin ya biya gwamnatin Amurka sama da dala miliyan 1.2, bayan an kiyasta bayanan mutum 344,579 abin ya shafa. A ƙarshen 2018 wani matashi ya sa firintoci kusan 50,000 a faɗin duniya suka buga saƙon neman goyon baya ga tauraron YouTube PewDiePie. Wasa ya yi, amma ya nuna yawan na'urorin da ƙofarsu ke buɗe ga intanet.

Kamfanonin kwangila sun gane cewa nan akwai abin sayarwa da ba ya raguwa idan shafi ya ragu: sabunta manhajar cikin na'ura a kan lokaci, rufe ƙofofin da ba a amfani da su, kulle faifan ajiya, sa ido dare da rana. Kuma gaskiya aiki ne da jami'in kwamfuta guda ɗaya mai kula da komai ba ya samun lokacinsa. Sai dai manhajar kula da firintocin ita kanta ƙofa ce, babba ma kuwa, tunda tana da ikon shiga ko'ina. A Maris 2023 PaperCut ya fitar da faci ga wata ɓaraka a manhajarsa ta uwar garke. Waɗanda ba su saka facin ba, a Afrilu gungun masu garkuwa da bayanai irin su Clop da LockBit suka fara shiga ta nan, a Mayu hukumomin FBI da CISA suka yi gargaɗin cewa ana kai wa makarantu hari ta wannan hanya. Wata guda kacal tsakanin faci da farmaki. Duk kwangilar da ba ta faɗi cikin kwana nawa za a saka faci ba, maganar tsaron da ke cikinta ado ne.

Daga fitar da takarda zuwa shigar da ita

Babban sauyin shi ne alkiblar na'urar ta juya. A da aikinta fitar da takarda daga kwamfuta. Yanzu abin da ake tallata ta da shi shi ne shigar da takarda cikin kwamfuta. Mutum ya ɗora takardar neman biyan kuɗi a kan gilashi, manhajar gane rubutu ta karanta sunan ɗan kwangila da lambar takarda da adadin kuɗi, ta tura wa wanda zai amince, ko yana gida ko yana hanya. Wasu kamfanonin har wasiƙun ma'aikata suke karɓa a madadinta, su buɗe, su yi sikanin, su tura wa kowa nasa. Ƙirƙirarriyar basira ta shigo nan da ƙarfi wajen rarrabe takardu da ciro bayanai, ko da yake duk wanda ya taɓa gwada irin wannan manhaja a kan rasit ɗin da aka rubuta da biro, aka naɗe shi a aljihu, ya san dole a bar mutum a ƙarshen layi yana dubawa.

Saye-sayen kamfanonin ya nuna inda hankalinsu yake. Ricoh ya sayi DocuWare, kamfanin Jamus mai manhajar adana takardu, a 2019, sannan a 2022 ya sayi kashi 80 cikin 100 na PFU, mai ƙera na'urorin sikanin na Fujitsu. Konica Minolta tun 2011 ya sayi All Covered mai kula da kwamfutocin ƙananan kamfanoni. Xerox ya sayi ITsavvy a kan dala miliyan 400 a 2024. Fuji Xerox ya koma Fujifilm Business Innovation a Afrilu 2021. A ɓangaren ƙarfe kuwa haɗewa ake yi don a rage kuɗin ƙira: HP ya karɓe sashen firintocin Samsung a 2017 a kan dala biliyan 1.05, Ricoh da Toshiba Tec suka haɗa masana'antunsu a kamfani ɗaya mai suna ETRIA a Yuli 2024, Xerox kuma ya kammala sayen Lexmark a kan dala biliyan 1.5 a Yuli 2025. Idan kasuwa tana tsukewa, manyan kifaye sukan fara haɗiye juna.

Akwai wani karo na maslaha da ya kamata mai saye ya riƙe a ransa. Kamfanin da ke cin riba daga kowane shafi shi ne kuma yake alkawarin taimaka wa ofis ya rage bugawa. Muddin kuɗinsa a kan shafi yake, alkawarin yana da iyaka. Shi ya sa sauyin ma'auni zuwa kuɗin ma'aikaci ko kuɗin hidima ya fi duk wani tallan gajimare muhimmanci. Amma shi ma yana da ƙugiyarsa: cire firinta daga ofis aikin yini ɗaya ne, cire takardun shekara biyar daga rumbun wani kamfani kuwa aikin watanni ne, wani lokaci da kuɗi a kai.

Inda abin ya taɓa Najeriya

A Najeriya aikin rabi gida rabi ofis bai tsaya a korona ba, tsadar sufuri ma ta tura shi. Jihar Kaduna ta fara tsarin aikin kwana huɗu a ofis tun 1 ga Disamba 2021, bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023 kuma jihohin Edo da Kwara suka sanar da rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin daina aiki da fayil ɗin takarda a ma'aikatun gwamnati. Duk da haka takarda ba ɓacewa take ba, wuri take sauyawa. JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, amma har yau ɗalibi sai ya je shago ya buga silif. Hukuma ta rage bugawa, nauyin ya koma kan mai shago da aljihun ɗalibi.

Tsarin da aka ƙera don ofisoshin Landan da Tokyo yana ɗaukar intanet da lantarki a matsayin abin da ba ya yankewa. A nan kuwa tambayar farko ga duk mai tallan bugawa ta gajimare ita ce, idan netwok ya ɗauke, firintar da ke gaban mutum za ta buga ko za ta tsaya kallonsa? Wasu manhajojin suna barin takardar a cikin layin ofis, izini kawai suke nema daga gajimare, wasu kuma sai fayil ɗin ya fita ƙasar waje ya dawo kafin ya isa na'urar da ke taku biyar daga tebur. Na biyun yana cin data, yana kuma taɓa doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane waje, kuma ma'aikatar da ta tara bayanan ba ta kuɓuta daga alhaki don kawai ta miƙa su ga ɗan kwangila.

Lantarki ma yana cikin lissafi. Firintar leza tana narkar da garin tawada a kan takarda da zafin da ya kusa digiri 200, shi ya sa take fizgar wuta idan ta tashi, har inbata ta yi kuka. Mai tawadar ruwa ba ta bukatar wannan zafi. Epson ya sanar a 2022 cewa zai daina sayar da firintocin leza zuwa 2026, ya koma kan masu tawadar ruwa kaɗai. Ga ofishin da ke kan sola, wannan bambanci na iya rage adadin baturan da za a saya.

Sauran abin yana cikin takardar yarjejeniya. Mafi ƙarancin shafi, idan dole sai an saka, a gina shi a kan ƙirgen watannin baya-bayan nan, ba na kafin 2020 ba, kuma a rubuta damar sake duba shi kowace shekara da damar mayar da na'urorin da suka zama rara ba tare da tara ba. Tawada da kayan gyara daga waje ake shigo da su, don haka ɗan kwangila zai nemi sharaɗin ƙara farashi idan dala ta tashi. Mai saye ya nemi a rubuta ma'aunin ƙarin da iyakarsa. Sai ranar rabuwa, wadda ba a cika tunawa da ita ranar sa hannu ba: a wane irin fayil za a mayar wa ma'aikata takardunta da ke rumbun ɗan kwangila, cikin kwana nawa, kuma kafin motar ɗaukar kaya ta fita da tsohuwar na'ura, wa zai goge faifan ajiyarta, a gaban wa, ko kuwa za a ciro faifan a bar shi a ofis.